Ibn Batuta: alƙalin da ya ratsa ƙasashen Musulmi har Takadda

Mu da muke cin kasuwannin kan iyaka mun san wahalar takarda da shinge. Ibn Batuta kuwa, wanda aka haifa a Tanja ta Maroko a 1304, ya yi kusan shekara 30 yana yawon duniya, kuma abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne Musulunci da ilimin fiƙihun Malikiyya. Ya bar gida a 1325 da niyyar hajji, daga nan tafiya ta miƙa.

Sarakunan wancan zamani suna son a gan su tare da malaman da suka fito daga nesa, don a shaida mulkinsu na Musulunci ne. Haka Sarkin Delhi, Muhammadu bin Tugluƙ, ya naɗa shi alƙali. A tsibiran Maldib ma ya yi alƙalanci, inda ya matsa wa mata su rufe jiki irin na ƙasarsu, suka ƙi ji.

A 1352 ya keta hamada da ayari, ya bi ta Tagaza mai gidajen gishiri, ya isa Mali zamanin Mansa Sulaiman. Can ya yaba da tsare salla da haddar Alƙur'ani. Ya yaba da amincin hanya, da yadda in baƙon ɗan kasuwa ya mutu ba a taɓa dukiyarsa sai magada sun zo. Wannan kam ko yau abin nema ne. Amma ya ƙyamaci hurwar da fadawa ke yi gaban sarki, ya kuma raina kyautar da aka aiko masa ta gurasa uku da nama da nono. A ganinmu malamin ya cika auna kowa da mudun garinsu.

A 1353 ya sauka Takadda, wadda masana ke dangantawa da Azelik ta jihar Agadas. Ya tarar ana ciniki da sandunan tagulla a matsayin kuɗi, ana kuma kai ta Gobir da Barno.

Da ya koma Fas, Sarki Abu Inan ya sa Ibn Juzai ya rubuta labarin, aka kammala littafin Rihla a 1355. Ya rasu wajen 1368.