TARIHIN JANAR WINGATE, BATUREN SOJAN DA YA MUTU A YAƘIN BAMA

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa Ingila ne, mu ɗauko labarin wani Baturen soja mai suna Orde Wingate. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa mu da shi? To, duk wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit. Wannan suna na rundunar da Wingate ya kafa ne, kuma iyayenmu da kakanninmu da suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma wadda yau ake kira Myanmar, akwai waɗanda suka yi yaƙi a cikinta.

An haifi Wingate ranar 26 ga Fabrairu 1903 a garin Naini Tal na ƙasar Indiya, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Ubansa, Kanar George Wingate, soja ne, uwarsa kuma Mary Ethel 'yar gidan sojoji ce. Su bakwai aka haifa a gidan. Iyayen suna bin wata ɗarika ta Kirista mai tsanani ƙwarai, saboda haka da suka koma Ingila sai yaran suka tashi cikin karatun Baibul da hadda, ba a barinsu su yi cuɗanya da yaran unguwa sosai. Ko da aka sa shi makarantar Charterhouse, jeka-ka-dawo ya yi, bai zauna kwana ba. Wannan reno shi ya bi shi har kabari: mutum ne mai kafiya, mai ganin duk abin da ya sa gaba umarni ne daga sama.

A 1921 ya shiga makarantar hafsoshi ta Woolwich, ya fito a 1923 a matsayin hafsan sojan igwa. Yana da wani ɗan uwan ubansa, Sir Reginald Wingate, wanda ya yi Gwamna Janar na Sudan daga 1899 zuwa 1916. Shi ya ƙarfafa masa guiwa ya koyi Larabci a Landan. A 1927 ya kama hanyar Sudan, wani ɓangare na tafiyar ma a kan keke ya ratsa ƙasashen Turai. Daga 1928 ya yi aiki da rundunar tsaron Sudan a kan iyakar Habasha, yana farautar masu fataucin bayi da ɓarayin hauren giwa. A nan ya gane cewa kwanton ɓauna ya fi sintiri a fili amfani, kuma 'yan mutane kaɗan masu juriyar tafiya a ƙasa suna iya abin da taro ba zai iya ba.

Kan hanyarsa ta komawa gida a 1933, cikin jirgin ruwa, ya haɗu da wata yarinya mai suna Lorna Paterson, shekarunta 16. Yana da wadda suka daɗe da alkawari, amma ya warware. Aka ɗaura aurensa da Lorna a Janairun 1935.

A 1936 aka tura shi Falasɗinu, a nan ne kuma tarihinsa ya sami tabon da har gobe ake magana a kai. Larabawa sun yi bore a kan mulkin Ingila da kwararowar Yahudawa. Wingate, duk da ya iya Larabci, sai ya rungumi aƙidar kafa ƙasar Yahudawa hannu bibbiyu. A 1938 ya kafa wasu ƙungiyoyin sintirin dare, sojan Ingila haɗe da samarin Yahudawa na ƙungiyar Haganah, da sunan tsare bututun man da ke zuwa Haifa daga Iraƙi. Sukan auka wa ƙauyuka cikin dare. An ba shi lambar yabo, amma masana tarihi sun rubuta irin duka da wulaƙanci da kisan da aka yi wa mutanen ƙauyuka, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Moshe Dayan da Yigal Allon, waɗanda suka zama manyan janar-janar na Isra'ila, suna cikin waɗanda suka koyi yaƙi a wurinsa. Su kansu shugabanninsa sun ga ya wuce gona da iri wajen ɗaukar ɓangare, sai suka cire shi a 1939, aka hana shi komawa ƙasar.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Janar Wavell, wanda ya san shi tun Falasɗinu, ya kira shi Sudan a 1940. Italiya ta mamaye Habasha tun 1936, Sarki Haile Selassie yana gudun hijira. Wingate ya haɗa 'yar runduna ta Sudaniyawa da Habashawa wadda ba ta kai mutum 2,000 ba, ya sa mata suna Gideon. Suka hau duwatsun Gojjam da dubban raƙuma, waɗanda kusan duk suka mutu a hanya. Dabararsa ita ce ya buga nan ya ɓulla can, har Italiyawa su ɗauka babbar runduna ce ta kewaye su. Da haka dubbansu suka miƙa wuya. Ranar 5 ga Mayu 1941 Haile Selassie ya koma Addis Ababa, Wingate yana cikin masu rakiya.

Sai dai bayan nasara aka rushe rundunar, aka mai da shi muƙaminsa na Manjo, aka tura shi Alƙahira ba aikin yi. Ga baƙin ciki, ga zazzaɓin cizon sauro, ga maganin da yake sha fiye da ƙima. A watan Yuli 1941 ya daɓa wa kansa wuƙa a wuya cikin ɗakin otal. Wani hafsa da ke ɗakin kusa ya ji motsi, aka fasa ƙofa aka garzaya da shi asibiti. Kwana bai ƙare ba.

Bayan ya warke, Wavell ya sake nemansa, wannan karon a Indiya, a 1942. Japan ta kori Ingila daga Bama, sojan Ingila kuwa sun sa a ransu cewa ba mai iya karawa da Bajapane a cikin kurmi. Wingate ya kawo shawara: a shiga can bayan abokan gaba a ƙasa, da alfadarai, a riƙa kiran jiragen sama ta rediyo suna jefo abinci da harsashi da laima. Aka ba shi birged guda. Sunan Chindit daga wani zaki ne na almara da ake girke gunkinsa a ƙofar wuraren bautar Bama.

A Fabrairun 1943 ya tsallaka kogin Chindwin da mutum wajen 3,000. Suka fasa hanyar jirgin ƙasa da gadoji, amma dawowar ta yi muni. Fiye da 800 ba su dawo ba, an kashe su ko an kama su ko sun ɓace. Cikin waɗanda suka dawo, wajen 600 yunwa da cuta sun lalata su har ba su ƙara komawa fagen fama ba. Waɗanda suka ji ciwo ba su iya tafiya, dole aka bar su a ƙauyuka. In da ciniki ne, sai a ce uwar kuɗi ta taɓu, don Japan ta gyara hanyar cikin ɗan lokaci. Amma ribar ita ce an karya tsoro. Firayim Minista Churchill ya ji daɗi har ya tafi da shi da matarsa taron Quebec a Kanada cikin Agustan 1943. Aka ɗaga shi zuwa Manjo Janar, Amurka kuma ta ba shi jiragen sama.

To, a nan ne namu suka shigo. Cikin birged shida da aka ba shi akwai Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda aka ciro daga Runduna ta 81. Bataliya uku ce ta sojan Nijeriya: ta 6, ta 7 da ta 12. A lokacin Hausa ce harshen bariki, ko Baturen hafsa sai ya koye ta. Daren 5 ga Maris 1944 aka fara shigar da Chindit da jirage marasa inji waɗanda ake ja da igiya. Suka kakkafa sansanoni a tsakiyar ƙasar da Japan ke riƙe da ita. Ɗaya shi ne White City, wanda ya tare hanyar mota da ta jirgin ƙasa, sunan kuwa saboda fararen laimomin da suka maƙale a itatuwa ne. Sojan Nijeriya aka ba gadin irin waɗannan wurare, kuma a watan Afrilu, da Japanawa suka yi ta kawo hari White City dare da rana, suna cikin waɗanda suka tsaya ba a ci wurin ba.

Shi Wingate bai ga wannan ba. Ranar 24 ga Maris 1944, yana dawowa daga duba sansanoni, jirgin Amurka da ya ɗauko shi ya faɗi a duwatsun Manipur na Indiya. Duk waɗanda ke ciki, ba wanda ya fita. Shekarunsa 41. Gawarwakin sun ƙone ba a iya bambanta su, kuma da yake Amurkawa sun fi yawa, a 1950 aka binne su kabari ɗaya a maƙabartar Arlington ta Amurka. Lorna tana da tsohon ciki lokacin da labari ya zo mata. A watan Mayu 1944 ta haifi ɗa namiji, Orde Jonathan, wanda bai taɓa ganin ubansa ba. Shi ma ya yi soja, ya mutu a 2000.

Mutum ne mai abubuwan ban mamaki. Yakan ci ɗanyar albasa kamar goro, yakan ɗaura agogon ƙararrawa a hannu, wani lokaci ma yakan karɓi baƙi tsirara. Har yau bakin masana bai zo ɗaya a kansa ba. Habashawa sun sa wa makaranta sunansa a Addis Ababa, Isra'ila ta sa wa cibiyar wasanninta, Falasɗinawa kuwa da azaba suke tuna shi. Wasu manyan hafsoshin Ingila, har da Janar Slim, sun ga asarar rayukan Chindit ta fi amfaninsu yawa.

Mu dai abin da ya kamata mu riƙe shi ne, sunayen barikokin da muke wucewa kullum, Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Bama suka samo asali. An rubuta littattafai da yawa a kan Wingate, amma samarin da aka kwasa daga garuruwanmu, da yawa ko sunansu ba a sani ba. Duk wanda yake da lambar yabo ko hoto ko takardar sallama ta kakansa a cikin adaka, ya adana ta, ya kuma gaya wa 'ya'yansa labarin. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.