NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: UWA, KAKA, MALAMA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, ko kana Birnin Kudu ko Gwaram ko ƙauyukan da ke kewaye, ina so ka tsaya ka ji tarihin wata tsohuwa. Na san kunnenka ya saba da labarin mazajen jihadi da tutoci da dawakai. To, amma su mazajen nan, wa ya goye su? Wa ya fara sa musu Bismillahi a baka?

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, mahaifiyarta kuwa Maimuna. 'Yan biyu ne, ita da Hassan. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, sai sauran matan Shehu suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Ka lura da wannan: kishiyoyin uwa ne suka riƙe marainiya har ta zama abin da ta zama. Gidan da aka gina kan tsoron Allah ke nan.

Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a 1804, saboda matsin Yunfa Sarkin Gobir. Ba a kan katifa ta tashi ba. Ta ga yunwa, ta ga annoba, ta ga ƙaura daga zango zuwa zango, ta ga mata sun wayi gari ba mazajensu bayan yaƙin Tsuntsuwa. Duk da haka ba a ajiye allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi, ta iya rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirinsa. Ta haifa masa 'ya'ya maza. Babbansu Abdulƙadir malami ne marubuci, shi ya gaji mahaifinsa a wazirci. Jikanta Muhammadu Buhari shi ne Waziri lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Daga wannan tsatso aka samu Waziri Junaidu, malamin tarihin nan da ya rasu a 1997. Gida ɗaya, fiye da shekara 150, alƙalami bai bushe ba. Kana tsammanin haka kawai abin ya faɗo daga sama? A'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun uwa ne ke fara tanƙwarawa.

Ba 'ya'yan cikinta kaɗai ta raina ba. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da matan da ba su san hukuncin alwala ba, balle na haila da wankan janaba. Da ciwo ya kama yaro, sai a nufi gidan 'yan bori. Nana ba ta tsaya zagi daga nesa ba. Ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. Tana zaɓar dattijuwa mai hankali daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Ka ga hikima: ilmi ya shiga har ƙuryar ɗaki, ba a kuwa keta haddin shari'a ba. Shi ya sa ake ce mata Uwar Gari.

Da yake yawancin matan nan ba su iya karanta Larabci ba, sai ta riƙa tsara musu karatun a waƙe, don a haddace ana daka ko ana kaɗi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a cikin waƙa guda. Ta mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, wadda ke tsoratar da azzalumin mai mulki da alƙali mai cin hanci. Ta rubuta tarihin hijira da yaƙe-yaƙe a Waƙar Gewaye. Duk wannan ba da ra'ayinta ta yi ba. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Tsawon rai kuma da nasa nauyi yake zuwa. Ta ga rasuwar mahaifinta a 1817, da ta ɗan'uwanta Bello a 1837, sannan ta mijinta, sannan ta ɗanta Abdulƙadir. Ta yi haƙuri, ta yi musu addu'a, ta ci gaba da karantarwa har tsufa. Allah Ya karɓi ranta a 1864, tana da shekara 70 da ɗoriya, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

To ɗan'uwa, ba don ka tafi kabarinta neman biyan buƙata na kawo maka wannan ba. Roƙo ga Allah kaɗai ake yinsa, kuma tauhidin ne ta ƙare rayuwarta tana koyarwa. Abin da nake so ka ɗauka guda uku ne.

Na farko, mahaifiyarka da kakarka. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa da aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wanda ya fi cancanta a kyautata masa, sau uku yana ambaton uwa kafin ya ambaci uba. Yaushe rabonka da ka zauna gaban tsohuwarka? Ka sani ko Fatiharta ta gyaru? Idan da gyara, ka durƙusa ka gyara mata cikin ladabi da tattausan harshe. Kada ɗan karatun da ka samu jiya ya sa ka ɗaga wa wadda ta goya ka murya kana kiranta jahila. Wallahi wannan ba sunna ba ce.

Na biyu, ƙanwarka. Kada ka zuba ido tana yawo da farantin talla a tasha ko ranar kasuwa alhali ga Islamiyya a unguwarku. Ka lallashi iyaye, in da hali ka biya kuɗin littafin da kanka.

Na uku, matarka, ko wadda za ka aura. Farillan neman ilmin addini yana kanta kamar yadda yake kanka. Ko ka koya mata, ko ka bar ta ta je inda za a koya mata. Wanda ya kulle mace cikin jahilci, ɗansa ya kulle, domin a cinyarta zai fara karatu.

Allah Ya ji ƙan Nana Asma'u, Ya gafarta wa iyayenmu mata da kakanninmu, Ya ba mu ikon yi musu biyayya tun suna raye. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.