Alƙali Shuraihu: Baƙon Kufa Da Ya Riƙe Mata Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, ga tarihin Shuraihu ɗan Harisu, mutumin ƙabilar Kinda daga ƙasar Yaman. Ya musulunta tun Manzon Allah (S.A.W.) yana da rai, amma bai sami ganinsa ba, watau shi Tabi'i ne. An kafa birnin Kufa a Iraƙi cikin shekara ta 17 bayan Hijira (638 Miladiyya), Shuraihu kuwa yana cikin mutanen farko da suka zauna a cikinsa.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya karɓi doki a hannun wani mutum domin ya gwada, sai dokin ya ji rauni. Mai doki ya ƙi karɓar abinsa, suka kai magana gaban Shuraihu. Ya hukunta cewa tun da lafiyayye Halifa ya karɓa, to ko ya biya kuɗinsa, ko ya mayar da shi lafiyayye. Umar bai yi fushi ba. Wannan hukunci ma shi ya sa ya naɗa shi alƙalin Kufa.

Wajen shekara 60 ya yi a kan wannan aiki, tun daga zamanin Umar, da Usmanu, da Aliyu, da Mu'awiya, har zuwa lokacin Hajjaju ɗan Yusufu, sa'an nan ya nemi a sauwaƙe masa.

To, ga inda gizo ke saƙar. An ruwaito cewa ɗansa ya yi rigima da waɗansu mutane, ya zo gida ya bayyana wa uban maganar, don in shi ke da gaskiya ya kai ƙara, in kuwa ba shi ba ne ya nemi sulhu. Uban ya sa shi ya kai ƙara. Da suka zo zaman shari'a sai ya ba mutanen gaskiya. Ɗan ya ji kunya ƙwarai, ya yi ƙorafi. Uban ya nuna masa cewa da ya faɗa masa tun a gida, da ya je ya yi sulhun da zai cinye wani abu daga haƙƙinsu. Wata rana kuma ɗansa ya tsaya wa wani mutum, mutumin ya gudu. Shuraihu ya tsare ɗan a kurkuku, yana kai masa abinci da kansa.

Ya rasu wajen shekara ta 78 bayan Hijira, yana da shekara fiye da 100.

Ɗan'uwa, gobe kai ne akawu, ko ɗan sanda, ko alƙali. Ran da ƙaninka ko mai gidanka ya tsaya gabanka ba shi da gaskiya, me za ka yi? Shirya amsarka tun yau, domin za a tambaye ka ranar Alƙiyama.

Allah Ya ji ƙan Shuraihu, Ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.