George Washington Carver: Bawan Allah da Ya Rayar da Gonakin Talakawa

Duk wanda ya daɗe da riƙe fartanya ya san alamun gonar da ta gaji. Dawa takan fito siririya, ganyen masara ya yi ɗorawa tun bai kai gwiwa ba, ƙuduji ya mamaye kunyoyi, kuɗin takin zamani kuwa ya fi ƙarfin aljihu. Iyalai da yawa a Kumbiya-Kumbiya da sauran unguwannin Gombe, masu gonaki a hanyar Kumo, ko Dadin Kowa, ko Malam Sidi, sun san wannan damuwa. Saboda haka a wannan fitowa muka kawo tarihin wani mai bi, baƙar fata na Amurka, wanda ya ba da shekara 47 na ransa yana koya wa matalautan manoma yadda za su farfaɗo da ƙasar da ta mutu, da abin da ke hannunsu.

Haihuwa cikin bauta

An haifi George Washington Carver wajen shekarar 1864 a Diamond, cikin jihar Missouri, lokacin yaƙin basasar Amurka. Mahaifiyarsa Mary baiwa ce a gidan wani manomi mai suna Moses Carver, mahaifinsa kuwa ya rasu tun kafin a haife shi. Yana jariri, mahara suka faɗa gidan da dare suka sace shi tare da mahaifiyarsa. Moses ya aika a bi sawu, aka komo da yaron kaɗai, ya biya ladan aikin da dokinsa na sukuwa. Ba a ƙara ganin Mary ba.

Da aka hana bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka ci gaba da renon George da wansa James. George mai laulayi ne, ba shi da ƙarfin aikin gona, don haka ya tashi a gefen Susan yana koyon girki, da wanki, da ɗinki. Idan ya sami sarari sai ya shiga daji yana duba furanni da ƙwari. Maƙwabta sukan kawo masa shukokinsu da suka yi yaushi ya yi jinyarsu, har suka laƙaba masa sunan likitan tsire-tsire. Wajen shekara goma da haihuwa ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, tun daga nan kuma bai raba binciken halitta da sujada ga Mahalicci ba.

Doguwar hanyar neman ilimi

Makarantar ƙauyensu ba ta karɓar 'ya'yan baƙar fata. Sai yaron ya taka zuwa Neosho, tafiyar fiye da kilomita 10, inda wata ungozoma mai tsoron Allah, Mariah Watkins, ta ba shi masauki. Ita ce ta riƙa kai shi sujada, ta kuma ba shi kyautar Littafi Mai Tsarki. Daga nan ya yi ta yawo garuruwan jihar Kansas, yana wanki da guga da girki domin ya biya kuɗin makaranta. A Fort Scott, cikin 1879, ya ga taron Turawa sun yi wa wani baƙar fata kisan gilla, ya bar garin nan da nan. Wata kwaleji a Highland ta ɗauke shi ta wasiƙa, amma da ya iso suka ga launin fatarsa, sai suka sallame shi.

Bai fid da zuciya ba. A 1890 ya shiga Kwalejin Simpson a jihar Iowa domin koyon zane da kiɗa. Malamarsa Etta Budd ta lura da yadda yake zana tsire-tsire kamar wanda ya san sirrinsu, ta shawarce shi ya koma kwalejin aikin gona da ke Ames. Ya shiga a 1891, shi ne ɗalibi baƙar fata na farko a wurin. Ya sami digirin farko a 1894, na biyu a 1896, aka kuma ba shi aikin koyarwa.

Kira zuwa Tuskegee

Ga aiki mai daraja, ga ɗakin bincike, ga kwanciyar rai. Sai wasiƙa ta zo daga Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee a jihar Alabama, wadda aka buɗe a 1881 domin 'ya'yan 'yantattun bayi. Yana neman wanda zai shugabanci sashen aikin gona. Carver ya ɗauki wannan a matsayin kira daga wurin Allah, ya isa can a watan Oktoba na 1896.

Abin da ya tarar ya sosa masa rai. Shekara da shekaru ana noman auduga a gona ɗaya ba hutu, ba sauyi. An sare dazuzzuka, ruwan sama ya kwashe ƙasar sama, ya bar jan yumɓu da yashi da kwazazzabai. Yawancin manoma baƙar fata ba su mallaki gona ba. Noma-mu-raba suke yi: mai gona ya ba su iri da taki da abinci bashi, da kaka ya ƙwace rabonsa da kuɗin bashinsa, sau da yawa manomi ya shiga sabuwar shekara da tsohon bashi a wuya. Makarantar ita kanta ba ta da kayan aiki, har sai da Carver da ɗalibansa suka tsinci kwalabe da tsofaffin tukwane a juji suka haɗa ɗakin bincike.

Yadda ya yi jinyar ƙasa

A 1897 aka buɗe gonar gwaji a Tuskegee, eka 10 na lalatacciyar ƙasa. Da fari ya gwada takin kanti kamar yadda aka koya masa. Ba da daɗewa ba ya gane cewa shawarar da talaka ba zai iya biya ba, ba shawara ba ce a gare shi. Sai ya juya ga abin da kowa zai samu kyauta: busassun ganyaye daga daji, baƙar lakar fadama, kashin dabbobi, toka, da sharar gida mai ruɓewa. Ya koya wa manoma su tara su hawa-hawa, su bar su su ruɓe, sa'an nan su kai gona. Ya yi ta gargaɗi a kan ƙona karmami da ciyawa, gama wanda ya cinna wa gonarsa wuta ya ƙone abincin ƙasarsa ne. Bai haramta takin kanti ba, amma ya nuna cewa a ƙasar da ba ruɓaɓɓen abu a cikinta, ruwa yakan wanke shi ya tafi da kuɗin manomi. Ruɓaɓɓen taki ne ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe damshi, ta kuma riƙe abincin shuka kusa da saiwa.

Magani na biyu shi ne sauya shuka. 'Yan shekaru kafin wannan lokaci, wajen 1886 zuwa 1888, masana a Jamus da Holan sun gano abin da ke cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ake gani a saiwar wake da gyaɗa. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Wannan sinadari shi ne muke saye da tsada a buhun yuriya. Carver ya ɗauko wannan sabon ilimi ya kai shi gonar talaka. Ya ce a bi auduga da wake, ko gyaɗa, ko waken soya, a kuma shuka dankalin Hausa da kayan lambu domin iyali su ci su ƙoshi ba tare da bashin kanti ba.

Ya san cewa manomi ba zai shuka abin da matarsa ba ta san yadda za ta dafa ba. Saboda haka ƙananan littattafansa, waɗanda suka kai 44, sun haɗa da noma da girki cikin harshe mai sauƙi. Na 1905 ya yi bayanin yadda ake gina ƙasar da ta gaji. Na 1916 ya kawo hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa. Domin waɗanda ba su iya karatu ba kuwa, a 1906 aka ƙera keken alfadari da taimakon wani attajiri, Morris Jesup, aka loda masa garma da iri da kayan gwaji, ɗalibinsa Thomas Campbell yana zagaya ƙauyuka da shi. Da ƙwaron da ke huda ƙwallon auduga, wanda ya ƙetaro daga Meziko a 1892, ya iso Alabama wajen 1910, manoma da yawa suka koma ga gyaɗa, suka tarar da ilimin nomanta yana jiransu.

Suna, rauni, da bangaskiya

A 1921 ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka domin kare manoman gyaɗa. Minti goma aka ba shi, amma 'yan majalisa suka yi ta ƙara masa lokaci. Daga ranar sunansa ya bazu, jaridu suka mai da shi gwanin gyaɗa, har aka jingina masa abubuwan da ba shi ya ƙirƙiro ba. Gaskiyar ita ce, yawancin abubuwan da ya sarrafa daga gyaɗa ba su shiga kasuwa ba. Aikinsa mai ɗorewa yana cikin ƙasa ne. Shi ma mutum ne mai kasawa: bai iya tafiyar da ofis ba, ya sha saɓani da Washington, ya kuma yi barazanar barin aiki ba sau ɗaya ba.

Akwai kuma abin da iliminsa bai iya warwarewa ba. Manomin da ya gyara gonar aro, mai gona yakan ƙara masa haya ko ya kore shi. Ga zalunci, ga wariyar launi. Dubban iyalai suka bar karkara suka yi ƙaura zuwa biranen arewacin Amurka.

Duk da haka bai daina ba. Yakan tashi da asuba ya shiga daji shi kaɗai domin addu'a. Shekaru masu yawa yana koyar da Littafi Mai Tsarki ga ɗalibai kowace Lahadi, yana nuna musu ikon Allah a cikin ganye da dutse. Bai yi aure ba, bai damu da tufafi ba. A 1940 ya ba da ajiyarsa, fiye da dala 30,000, domin a ci gaba da bincike a Tuskegee. Ya rasu ran 5 ga Janairu, 1943, aka binne shi kusa da Booker T. Washington. A wannan shekara gwamnatin Amurka ta keɓe mahaifarsa ta zama wurin tunawa na ƙasa, karo na farko da aka yi wa baƙar fata wannan girma.

Darasi ga iyalanmu

Ƙasar Gombe ma ta san auduga. Tun shekarun 1950 ta yi suna da nomanta, jirgin ƙasa ya iso a 1963 yana kwasar amfanin gona, a 1975 kuma aka fara shirin raya aikin gona na Gombe tare da na Funtuwa da Gusau, wanda ya yaɗa takin zamani. Amma mutane sun ƙaru, gonaki sun ƙanƙance, barin saura ta huta ya zama da wuya. Kwazazzaban da ke cin gidaje a cikin gari shaida ne na abin da ruwa ke yi wa ƙasar da ba ta da sutura. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun ƙudurta ɗaga yawan takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Ƙuduri ne mai kyau, amma buhun taki ba ya gina ƙasa shi kaɗai.

Abin da Carver ya koyar ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun shuka wake a tsakanin gero, sun bar gawo a gona, sun gayyaci Fulani su kwana da shanu bayan girbi, mutanen Tula kuma sun jera duwatsu a gangaren tsauni domin tare ƙasa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kowane gida yana iya haƙa ramin taki a bayan ɗaki, a zuba toka, da kashin awaki da kaji, da ɓawon kayan miya, a tsince leda da ƙarfe da kwalba, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Wanda ya shuka masara bana, ya sa waken soya ko gyaɗa baɗi, tare da ɗan takin supa, gama wannan yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage ƙuduji. A tuna fa, idan an kwashe ƙwaya an kwashe harawa, kaɗan ne ya rage wa gona. Dabbar da ta ci harawa, takinta ya koma inda harawar ta fito.

Ga masu bi da ke ba da hayar gona, akwai magana ta musamman. Ɗan'uwan da ya kai taki gonarka, kada ka karɓe ta a shekarar da ta fara kyau. Ku yi yarjejeniyar shekaru, gaban shaidu, domin ya ci amfanin wahalarsa. Littafin Farawa 2:15 ya nuna cewa an sa mutum a gona domin abu biyu, noma da kiyayewa. Littafin Firistoci sura 25 kuma ya ba ƙasa hutunta, ya tuna mana cewa Ubangiji ne mai ita. Mu masu riƙon amana ne, za mu kuwa miƙa ta ga 'ya'yanmu, ko da rai ko a mace.

Iyaye, a kai yara gona, a tuge musu wake su ga ƙulle-ƙullen saiwarsa, a faɗa musu Wanda ya shirya haka. Bari Ubangijin girbi ya ba mu hikima mu kiyaye abin da ya danƙa mana. Amin.