ALEXANDER FLEMING DA MAI CIWON SANƘARAU

An haifi Alexander Fleming ran 6 ga watan Agusta, 1881, a wata gona a ƙasar Sikotlan. Ɗan manomi ne. Da ya tasa sai ya tafi birnin Landan wajen wansa, ya yi aikin akawu har shekara huɗu kafin ya shiga koyon likita a asibitin St Mary's, inda ya ƙare a 1906.

A watan Satumba na 1928 ya komo daga hutu ya tarar fumfuna ta fito a wani faranti da yake renon ƙwayoyin cuta a ciki, ƙwayoyin da ke kewaye da ita kuwa duk sun mutu. Wani da sai ya wanke farantin kurum. Shi kuwa ya tsaya ya bincika, ya sa wa ruwan fumfunar suna penisilin. Amma ya kasa tace shi. Sai wajen 1940 ne Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oksfod suka iya.

Ana nan, a watan Agusta na 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani mutum mai aiki a wurin ɗan'uwan Fleming yana kwance a St Mary's, sanƙarau ya kama shi. Mu nan mun san wannan ciwo a lokacin zafi: tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya kumbura, wuya ya sanƙare, in aka yi jinkiri sai mutuwa. Magungunan da ake da su duk sun gaza. Fleming ya roƙi Florey, shi kuwa ya ba shi ɗan abin da ke hannunsa, alhali a lokacin penisilin ya fi zinariya wuyar samu.

Ya fara yi masa allura a tsoka, amma maganin bai kai inda cutar take sosai ba. Nan fa hankali ya tashi. Fleming ya yi ƙundunbala ya soka allurar a gadon baya, ya zuba maganin cikin ruwan da ke kewaye da laka. Mutumin da aka fid da rai gare shi ya farfaɗo, bayan 'yan makonni ya koma gida.

An ba Fleming da Florey da Chain kyautar Nobel a 1945. Fleming ya rasu a Landan ran 11 ga Maris, 1955, sanadiyyar ciwon zuciya, aka binne shi a babbar majami'ar St Paul's.