Claude Bernard: Masanin da Ya Gano Sirrin Hanta

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa ganin ana auna sukarin jinin majinyaci a asibitin koyarwa na Gwagwalada, to ka sani ilimin da likitan ke dogaro da shi ya samo tushe daga aikin wani Bafaranshe mai suna Claude Bernard.

An haife shi a ƙauyen Saint-Julien na ƙasar Faransa a 1813. Da ya tasa, ya yi aiki a wani kantin magani, amma burinsa shi ne rubuta wasan kwaikwayo. A 1834 ya kai rubutunsa birnin Paris, inda wani manazarci ya karanta, ya shawarce shi da ya koyi likitanci. Ya kuwa bi shawarar.

A 1841 ya zama mataimakin François Magendie, masanin yadda sassan jiki ke aiki. A wurinsa ya koyi gwada kowace magana kafin ya gaskata ta. Ya sami digirin likitanci a 1843. Bayan shekara guda ya faɗi jarrabawar zama malamin jami'a, amma bai bar ɗakin gwaje-gwaje ba.

A zamanin, masana sun ɗauka tsirrai kaɗai ke samar da sukari, dabba kuwa sai ta ci shi. Bernard ya ciyar da karnuka nama zalla, sannan ya auna jinin da ke fitowa daga hantarsu, sai ga sukari a ciki. Ashe hanta da kanta take samar da shi. A kan wannan ya rubuta kundin da ya ba shi digirin digirgir na kimiyya a 1853. A 1857 ya ware gilaikojin, wato sinadarin da hanta ke adana sukari a cikinsa.

Ya gaji kujerar malaminsa a 1855. Da ya rasu a 1878, gwamnatin Faransa ce ta yi masa jana'iza.

Idan kana son zama mai bincike, ka lura da hanyarsa: ya nemi malami ya yi haƙuri da horonsa, kuma da sakamakon gwaji ya saɓa wa ra'ayin manya, sai ya bi sakamakon.

Tambayoyi
1. Me Bernard ya koya a wurin Magendie?
2. Don me ya ciyar da karnukan nama zalla?