Alhaji Abubakar Imam: Malamin da Ya Tsare Matasa da Labari

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911, a gidan malamai. Da allo ya fara, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fito malamin makaranta a 1932. Da shekara ta kewayo, Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Imam, yana ɗan shekara 22, ya shiga da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuma da Ganɗoki.

Babban aikinsa shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya rubuta a Zariya a 1936. Har yau a zaurukanmu na cikin birnin Kano akan sami mai ganin ƙagaggen labari ɓata lokaci ne, ko ma ƙarya ce aka yi wa ado. Muna roƙon mai wannan ra'ayi ya duba yadda aka gina littafi na farko. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa ya ƙulla makircin fitar da yaron don a halaka shi. Musa ya ƙagara ya fita. Abin da ya riƙe shi aku ne, wanda ke jan sa da labari kowane dare har gari ya waye. Imam ya daɗe a gaban ɗalibai, ya san saurayi mai zafin jini ba ya riƙuwa da tsawa.

Ya ɗebo da yawa daga labaran a Alfu Laila wa Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa: ga alƙali, ga fatake, ga ɓarayi a kasuwa. A ganinmu nan gwanintarsa take, don yaro ba ya jin baƙon abu ko kaɗan.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ziyararsa ta Ingila a 1943 ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Da wannan alƙalamin dai ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle da Sayyadina Abubakar. Ya rasu a Zariya a watan Yuni na 1981. Allah Ya jiƙansa da rahama.